Na haddace tensis 12, me ya sa har yanzu nake kuskure?

"Assalamu alaikum Malam. Sau biyu ke nan ina zana jarrabawar WAEC, Turanci yana kayar da ni. Tensis 12 ɗin nan na haddace su kaf, ko daga barci aka tashe ni zan kawo su. Amma da na ɗauki biro zan rubuta insha'i sai komai ya rikice mini, malaminmu ya cika takardar da jan biro. Wai ina matsalar take? Kuma yaya ake sanin inda za a ce 'I went' da inda za a ce 'I have gone'?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: me ya sa haddar ba ta fitar da kai ba, sannan ina iyakar da ke tsakanin "went" da "have gone". Ta biyun 'yar ta farkon ce, don haka da uwar zan fara. Ka kuma kwantar da hankalinka, kana da 'yan'uwa da yawa a wannan rami. Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare da ajin manya na yamma, kuma da wuya shekara ta wuce ban samu ɗalibin da zai zubo mini jadawalin nan tiryan-tiryan kamar karatun allo ba, sannan ya juya ya rubuta "I have seen him yesterday" ko a jikinsa. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Da Hausa yake tunani, kuma Hausa da Turanci ba tambaya ɗaya suke yi wa aikatau ba.

Abin da Hausa ke tambaya, da abin da Turanci ke tambaya

Karanta waɗannan jimloli uku a hankali. "Jiya da ka zo ina cin abinci." "Yanzu haka ina cin abinci." "Gobe war haka ina cin abinci." Jiya, yau, gobe, amma "ina" ko gezau ba ta yi ba. Abin da take gaya maka shi ne cin abincin yana gudana, bai ƙare ba. Maganar yaushe kuwa, ta bar wa "jiya" da "gobe" su ji da ita. Bature ba ya yarda da wannan rangwamen. Dole ya ce "I was eating", "I am eating", "I will be eating". Ko da ya riga ya faɗi "yesterday" a farkon jimla, sai ya sake buga hatimin lokacin a jikin aikatau.

Haka abin yake da "na". A darasin nahawun Hausa ana kiran "na gama" shuɗaɗɗen lokaci, "ina gamawa" kuma lokaci mai ci, kuma sunayen nan sukan yaudari ɗalibi ya ɗauka "na" daidai take da past tense. To duba: "Na gama jiya" shi ne "I finished yesterday". "Na gama, zo ka duba" shi ne "I have finished". "Kafin ya iso na riga na gama" shi ne "I had finished". "Kafin ka dawo gobe na gama" shi ne "I will have finished". "Na gama" guda ɗaya ta haifi tensis huɗu. Ba a nan ta tsaya ba ma: "na sani", "na gane", "na yarda", "na gaji" duk halin da kake ciki ne yanzu, Turancinsu "I know", "I understand", "I agree", "I am tired". Mutum yana tsaye a bakin ƙofa, ko takalmi bai sa ba, zai ce "To, na tafi."

Ashe ke nan Hausa tambayarta ita ce: aikin ya kammala, ko yana gudana, ko an saba yin sa, ko za a yi shi? Turanci yana yin wannan tambayar, sannan ya ƙara da "yaushe?", kuma yana son amsa a kan kowane aikatau, ba sau ɗaya a farkon labari ba. Wannan tambaya ta biyu ita ce bakinka bai saba amsawa ba, kuma jadawali ba ya koyar da ita.

Yadda ake ƙera su

Kafin mu shiga amfani, bari in rage maka kaya. Aikatau na Turanci, shi kaɗai ba da mataimaki ba, lokaci biyu kawai yake nunawa: "walk" da "walked", "go" da "went". Ba shi da wata siffa ta lokaci mai zuwa, sai an aro "will" ko "going to". Adadin 12 ɗin lissafi ne: lokaci 3, wato da, yanzu da nan gaba, sau yanayi 4, wato simple, continuous, perfect da perfect continuous. Ba abubuwa 12 ne masu zaman kansu ba.

Ƙirar kamar jerin gwanon motoci take, kowa da gurbinsa: "will" a gaba, sai "have", sai "be", sai aikatau ɗin kansa a ƙarshe. Kana iya cire wanda ba ka buƙata, amma ba ka sauya musu wuri. Doka biyu ce ke riƙe da jerin. Ta farko, kowane mataimaki shi ke yanke siffar wanda ke biye da shi: bayan "will", "can", "must" ko "do" aikatau tsirara yake zuwa, bayan "have" siffa ta uku, irin su "gone" da "written", bayan "be" mai "-ing". Shi ya sa ake samun "She will have been cooking", kowace kalma tana bin umarnin ta gabanta. Ta biyu, na kan gaba ne kaɗai ke ɗaukar alamar lokaci. In ka ce "Did you went?" ko "He didn't came", kamar ka biya kwandasta kuɗin mota sau biyu ne. "Did" ta riga ta biya, saura "go" da "come" su zauna kawai.

Aikatau mai bin ƙa'ida siffa 4 gare shi: walk, walks, walked, walking. Irin su "write" 5: write, writes, wrote, written, writing. "Put" 3 kacal. "Be" shi ne sarkin rikici da 8: be, am, is, are, was, were, being, been. Marasa bin ƙa'idar kusan 200 ne, kuma abin haushin su ne aka fi amfani da su kullum. A nan kam hadda tana da amfani, sai dai kar ka bi su daga A zuwa Z. Ka tara su dangi-dangi: sing, ring, drink, begin, swim gida ɗaya ne, bring, buy, think, catch, teach duk a past suna ƙarewa da sauti guda, kamar brought da caught, cut, put, hit, shut ba sa sauyawa. In ka taɓa mamakin abin da ya haɗa "go" da "went", babu dangantaka a asali: "went" na wani tsohon aikatau ne, "wend", "go" ya ƙwace.

Akwai kuma wani ɓarawo da ba a cika kama shi ba, wato lafazi. Hausa ba ta cunkusa baƙaƙe a wuri guda, shi ya sa muka mai da kalmomin aro "firamare", "benci", "sukudireba". To "-ed" ɗin nan sauti uku gare ta: "t" a "walked" da "asked", "d" a "played", "id" a "wanted". Biyun farko sukan bar baƙaƙe a cunkushe a ƙarshen kalma, bakinmu sai ya yar da na ƙarshen. Abin da baki bai furta ba, kunne bai ji ba, hannu ma ba zai rubuta ba. Yawancin "Yesterday I walk to school" da nake gani daga nan suke, ba daga rashin sanin ƙa'ida ba. Haka "s" ɗin "he walks" take ɓacewa.

"Went" ko "have gone"

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Ka ɗauki lokaci kamar ɗaki. In ɗakin a rufe yake, an kulle, simple past, irin "went", za ka sa. Jiya a rufe take, haka makon jiya, haka bara, haka 1960. Duk inda ka ga "yesterday", "last week", "two years ago", "in 1960", ko tambaya da "when", to "have" ba ta da wurin zama. "Nigeria became independent in 1960", ba "has become" ba. In kuwa ɗakin a buɗe yake, kana cikinsa har yanzu, ko abin da ya faru sakamakonsa ne ya dame ka ba ranar da ya faru ba, present perfect ke nan, irin "have gone". "I have lost my key" yana nufin ga ni tsaye a waje, makulli bai fito ba. "I lost my key last week" labari ne kawai, mai yiwuwa an gan shi tuni.

Hausa za ta taimake ka a nan fiye da yadda kake zato. Akwai ƙananan kalmomi da in ka ji su a jimlar da ke ranka, yawanci "have" ce ke tafe: taɓa, riga, tukuna, tun. "Ka taɓa zuwa Legas?" shi ne "Have you ever been to Lagos?" "Na riga na ci" shi ne "I have already eaten". "Bai zo ba tukuna" shi ne "He has not come yet". Ta "tun" ce ta fi cin mutane, don Hausa cewa take "Ina zaune a Kano tun 2015", da "ina", sai ɗalibi ya rubuta "I am living in Kano since 2015". Daidai shi ne "I have lived" ko "I have been living", saboda zaman ya faro daga baya ya iso yau. "Since" tana bin wurin farawa, "for" tana bin tsawon lokacin: since 2015, for ten years.

Kada ka raina wannan bambanci, yana iya kashe mai rai. Wani yaro ya taɓa rubuta mini insha'i a kan mahaifinsa: "My father was a farmer. He lived in our village for fifty years. He was a kind man." Da na mayar masa da takardar na ce Allah ya jiƙan baba, yaushe aka yi rasuwar? Ya zaro ido ya ce, "Malam, ai da safen nan shi ya ba ni kuɗin mota." Ajin ya kwashe da dariya, amma daga ranar ban sake ganin ya haɗa "lived" da "has lived" ba.

Misalin da ka kawo ma yana da nasa tarko. "He has gone to Kaduna" yana nufin ya tafi, yana can ko yana hanya. "He has been to Kaduna" ya taɓa zuwa ya dawo. Saboda haka kai da kake tsaye a gabana da wuya "I have gone to Kaduna" ta dace da bakinka. Ko dai "I have been to Kaduna", ko "I went to Kaduna last month".

In kana son ka ga su biyun suna aiki tare, saurari labaran Turanci a rediyo. Mai karantawa yakan buɗe da perfect don shelar sabon abu, "The governor has opened a new hospital", da ya shiga bayanin yaushe da yadda aka yi sai ya koma "He arrived at ten and cut the ribbon". Hira ma haka take: "Have you seen him?" "Yes, I saw him this morning." 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi da suka yi boko da Faransanci sun fi shan wahala a nan, don a Faransanci "j'ai vu", mai ƙirar "I have seen", tana zama lafiya lau da "hier", wato jiya, sai su kwaso tsarin su kawo Turanci. Sannan in ka ji Ba'amurke a fim yana cewa "I already ate" ko "Did you eat yet?", ba kuskure ya yi ba, haka ake yi a can. A ɗakin jarrabawa dai ka bi na Ingila.

"Had" kuma ba ta nufin "da daɗewa", kamar yadda mutane da yawa suka ɗauka. Aikinta ɗaya: kana cikin labarin da ya wuce, kana so ka koma baya da shi. "When we reached the park, the bus had left." Motar ta tashi kafin mu isa. In abubuwan a jere suka faru, simple past ta wadatar, ko da zamanin Shehu ɗan Fodiyo kake ba da labari.

"Ina" da "nakan"

Da yake "ina" ta yi kama da "I am", sai a riƙa liƙa "-ing" ko'ina. "Ina da mota" ta zama "I am having a car", "ina jin Hausa" ta zama "I am hearing Hausa". Akwai rukunin aikatau da ke nuna hali ko mallaka, ba aikin da ake gani ana yi ba, irin su know, understand, believe, own, belong, want, need, da "have" ta mallaka. Waɗannan ba su cika karɓar "-ing" ba. "I have a car", "I understand Hausa". Amma "I am having lunch" daidai ne, don a nan "have" ci take nufi. Ita kuwa "ina zuwa" da muke faɗa muna ba da baya, in ka ce wa Bature "I am coming" zai tsaya yana jiran ka matso ne. Abin da kake nufi shi ne "I will be right back".

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne "I use to". Mun ga Hausa tana da "nakan", muka nema mata abokiya a Turanci, muka kama "use to". Babu wannan a ingantaccen Turanci. "Nakan je kasuwa ran Juma'a" shi ne "I go to the market on Fridays", in kana so ka ƙara "usually". Simple present ita ce "nakan" ɗin Turanci, sunanta ne kawai ya ɓad da kama. "I used to go" kuwa tana nufin a da nakan je, yanzu na daina. Wanda ya rubuta a takardar neman aiki cewa "I used to come to work early", ya shaida da kansa cewa yanzu makara yake yi.

Lokaci mai zuwa ba zan daɗe a kansa ba, don "za" da "will" sun fi sauran jituwa. "Will" ga shawarar da aka yanke nan take da alkawari, "going to" ga niyyar da aka riga aka ƙulla ko abin da alamarsa ta bayyana, kamar hadari ya haɗu ka ce "It is going to rain". Abu ɗaya ka kiyaye: bayan "if" da "when" na sharaɗi ba a sa "will". Hausa cewa take "In ya zo zan gaya masa", da "ya zo", sai wasu su rubuta "If he came", wasu "When he will come". Daidai shi ne "If he comes, I will tell him". "Da ya zo da na gaya masa" kuma ita ce "If he had come, I would have told him".

Inda makin yake zubewa

A insha'in labari ne duk wannan ke haɗuwa ya yi maka taron dangi. Bahaushe yana cewa "wata rana" sau ɗaya, ya kafa lokacin, daga nan sai "ya ce zai zo", "na ga yana kuka", "muna tafiya sai ga mota". In ka bi su kalma da kalma, sakin layi na farko zai fito a past, na biyu ya zame zuwa present ba ka sani ba. A Turanci kowannensu sai ya ja da baya: "he said he would come", "I saw that he was crying", "we were walking when a car appeared". A tsarin makin insha'in WAEC akwai kason da aka ware wa tsabtar nahawu da rubutu, maki 10, ana zaftare rabin maki a kan kowane kuskure. Kuskure 20 ya cinye shi ke nan, kuma a rubutu mai kalma 450 wanda tensis ɗinsa ke zamewa yana iya haɗa 20 tun bai kai rabi ba.

Shawarata, ka ajiye jadawalin tukuna. Ɗauki shafi ɗaya na jaridar Turanci, ka ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau, ka ƙirga. Za ka tarar simple present da simple past sun kwashe mafi yawa, perfect da continuous suna biye daga nesa, shi kuwa "will have been doing" da ka sha wahalar haddacewa kana iya gama jaridar ba ka gamu da shi ba. To ka raba ƙarfinka yadda harshen ya raba nasa. Kowane dare rubuta jimla biyar a kan abin da ka yi yau, duk a simple past, ka karanta su da ƙarfi kana furta kowace "-ed" har ta fito. Bayan mako biyu ka ƙara uku a kan abin da ka saba yi, sannan uku masu "taɓa", "riga" da "tun". In ka gama kowane rubutu, ka sake bin sa sau ɗaya ba don ma'ana ba, aikatau kawai kake farauta, kana tambayar kowanne: kai kuma yaushe?

Sai dai in gaya maka gaskiya, abin da na rubuta yana da iyaka. Ƙa'idar ɗaki a rufe da ɗaki a buɗe za ta fitar da kai a yawancin wurare, amma akwai inda duka biyun suke daidai, bambancin sai a abin da mai magana yake son ya jaddada. "I have lived here for ten years" da "I have been living here for ten years" kusan abu ɗaya ne. Irin waɗannan kunne ne ke koyon su ta yawan ji da karatu, ba malami ba. Sannan ni ban ga takardarka ba, abin da ya fi yawa a wurin ɗalibaina na faɗa maka. Don haka ka nemo tsofaffin insha'inka da malaminku ya yi wa jan biro, ka kasa kurakuran kashi-kashi: na "-ed" da "s" da suka faɗi gefe guda, na "have" da ta shiga ɗakin jiya gefe guda, na zamewa daga past zuwa present gefe guda. Duk kashin da ya fi tudu, da shi za ka fara jimlolin daren yau.